Yadda ajin da aka loda da suna zai samu ServletContext a tsohuwar manhajar Java

"Maigida, barka da aiki. An damƙa mini wata tsohuwar manhajar yanar gizo ta Java, tana gudana a kan sabar Tomcat 6. Sablet (servlet, ajin da ke amsa buƙatun burauza) guda ɗaya ne ke karɓar duk buƙatu. Yana karanta sunan aji daga wani fayil, ya loda shi da `Class.forName(suna).newInstance()`, sannan ya kira `aiwatar(Map)` a kansa. Azuzuwan sun haura sittin, kuma babu wanda ya gaji `HttpServlet` a cikinsu. Yanzu ɗaya yana buƙatar karanta wani fayil a `WEB-INF` da kuma wani `context-param` na `web.xml`. Na rubuta `getServletContext()`, kompaila ya ƙi karɓa. Na sa ajin ya gaji `HttpServlet`, kompaila ya yarda, amma da na gudanar sai `NullPointerException`. Ta ina zan ɓullo masa?"

Yauwa, barka kadai, yarona. Mu fara da kuskuren da ka gani, domin shi zai nuna maka inda matsalar take.

`getServletContext()` ba ya ƙirƙiro komai. Idan ka buɗe `GenericServlet`, wanda `HttpServlet` ya gada, za ka tarar aikinsa kawai ya ɗauko `ServletConfig` da aka ajiye masa ya tambaye shi mahallin manhajar, wato `ServletContext`, abin da ake bi ta kansa a kai ga saituna da fayilolin manhajar. Shi kuwa `ServletConfig` kwantena ce, wato Tomcat, ke miƙa shi, a lokacin da ta kira `init(config)` a kan sablet ɗin da ita da kanta ta ƙera bisa abin da ke cikin `web.xml`. Abin da kai ka ƙera da `newInstance()`, Tomcat ba ta ma san da zamansa ba. Ba ta kira masa `init` ba, gurbin `config` ya zauna babu komai, shi ya sa ka ga `NullPointerException`. Ɗinka kaki ba ya mai da mutum soja. Cire wannan `extends HttpServlet` ɗin tun yau, kada wanda zai gaji kod ɗin bayanka ya ɗauka sablet ne na gaske.

Ko sablet na gaske yana faɗawa wannan rami ta ƙofa biyu, ka riƙe su don gaba. Ta farko, mutum ya sake rubuta `init(ServletConfig)` ya manta da `super.init(config)`. Ta biyu, ya kira `getServletContext()` a cikin magini (constructor), alhali kwantena ba ta kai ga `init` ba tukuna. Maganin duka biyun shi ne a zuba aikin farawa cikin `init()` wanda ba ya karɓar komai.

To, abin da nake so ya zauna maka: wanda ya ƙera abu shi ke da alhakin miƙa masa abin da yake buƙata. Sablet ɗinka yana riƙe da mahallin a hannunsa, kuma shi ke ƙera waɗannan abubuwa, saboda haka a wurinsa gyaran yake. Ba sai ka taɓa azuzuwa sittin ba, ba kuma sai ka canza `aiwatar` ba. Ƙara ƙaramin intafes guda:

```java
public interface MaiBukatarMahalli {
    void karbiMahalli(ServletContext mahalli);
}
```

Sannan ka gyara wurin ƙira a cikin sablet (`Aiki` a nan sunan da na ba intafes ɗin da azuzuwan ke ɗauka ne, mai `aiwatar`):

```java
ClassLoader maiLodi =
    Thread.currentThread().getContextClassLoader();
Class<? extends Aiki> aji =
    Class.forName(suna, false, maiLodi).asSubclass(Aiki.class);
Aiki aiki = aji.getDeclaredConstructor().newInstance();
if (aiki instanceof MaiBukatarMahalli) {
    ((MaiBukatarMahalli) aiki).karbiMahalli(getServletContext());
}
aiki.aiwatar(bayanai);
```

Ajin da ke son mahalli ya ɗauki intafes ɗin, sauran su ci gaba da harkarsu kamar ba a yi komai ba. Tsare-tsaren gina manhaja irin su Spring da Struts 2 duk haka suke yi, kowanne yana da nasa intafes mai suna `ServletContextAware`.

Kowane canji a layukan nan da dalilinsa. `Class.forName(suna)` mai karɓar suna kaɗai yana amfani da mai lodin ajin da ya kira shi (class loader, abin da ke nemo aji ya loda shi). Muddin kod ɗin ƙirar yana cikin `WEB-INF`, lafiya lau. Ranar da wani ya kwashe shi ya kai folda `lib` ta Tomcat don manhajoji su yi tarayya a kansa, sai ka ga `ClassNotFoundException` a kan ajin da kake gani da idonka a `WEB-INF/classes`, saboda mai lodi na sama, wato na Tomcat, ba ya leƙa kayan na ƙasa, wato na manhaja. Tomcat tana ɗora mai lodin manhajar a kan zaren (thread) da ke hidimar buƙata, don haka `getContextClassLoader()` ya fi dogara. Ita kuma `false` ɗin tana hana ɓangaren `static` na ajin gudana kafin `asSubclass` ya tabbatar cewa lallai `Aiki` ne. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Na ji ka ce daga fayil ake karanta sunan ajin, to ka bincika da kyau cewa babu wata hanya da suna ke shigowa daga adireshin burauza ko daga fom kai tsaye zuwa `forName`. Idan akwai, duk mai iya aiko buƙata yana iya sa sabar ta loda ajin da ya ga dama. A rufe wannan da `Map` mai haɗa gajeren suna da aji, abin da ba ya ciki a ƙi shi.

`Class.newInstance()` kuwa tun Java 9 aka sa masa alamar a daina amfani da shi, domin yana fito da kuskuren da magini ya jefa ba tare da kompaila ya tilasta maka kama shi ba. `getDeclaredConstructor().newInstance()` yana aiki har a tsohuwar Java, amma yana naɗe kuskuren cikin `InvocationTargetException`. Idan za ka rubuta shi a log, ka haɗa da `getCause()`, in ba haka ba za ka ga kunshi ne kawai ba ka ga abin da ke ciki ba.

Abu biyu ke cizo a wannan tsari. Mahallin yana isowa ne bayan magini ya gama, don haka duk aikin da ya dogara da shi ya koma cikin `karbiMahalli` ko `aiwatar`. Na biyu, duba ko sablet ɗin yana ƙera sabon abu ga kowace buƙata, ko yana ajiye guda ɗaya a `Map` yana maimaita shi. Idan yana ajiyewa, ka miƙa mahallin kafin a saka abin a `Map`, kada wani zare ya ɗauke shi rabi da rabi. Ajiye `ServletContext` a gurbin abu ba laifi, shi ɗaya ne ga manhajar tun daga tashinta har rufewarta. Ajiye `HttpServletRequest` a gurbi kuwa babban haɗari ne. Tomcat tana wanke abin buƙata ta sake amfani da shi ga wani mutum, kuma zaruruwa har 200 na iya shiga abu ɗaya a tare idan ba a canza `maxThreads` ba. Daga nan ne bayanan wani ke bayyana a shafin wani.

Da a ce `aiwatar` yana karɓar buƙata, da akwai gajeriyar hanya: `request.getServletContext()`. Sai dai a Servlet 3.0 ta shigo, wato daga Tomcat 7, kai kuwa Tomcat 6 kake, mai Servlet 2.5. Mutane kan zagaya da `request.getSession().getServletContext()`, wanda ke aiki tun 2.3, amma ka san kuɗinsa: yana buɗe sabon zama (session) ga duk wanda ba shi da shi, ya aika masa kuki, ya riƙe memori har wa'adin zaman ya cika. Idan injunan bincike na yawo a shafin, zamannin banza za su taru. In ka sa `getSession(false)` kuma, zai ba ka `null` ga baƙo.

Ga ra'ayina, ko wannan intafes ɗin ya yi faɗi. Ajinka fayil ɗaya da saiti ɗaya yake so, me zai yi da dukan `ServletContext`? Ka rubuta naka intafes, ka ce masa `Saituna`, mai metod biyu: `String karantaSaiti(String suna)` da `InputStream budeFayil(String hanya)`. Aji guda ya cika shi ta hanyar `ServletContext`, shi kaɗai ya san `javax.servlet`. Riba biyu za ka ci. Za ka iya gwada ajin da JUnit ba tare da ta da Tomcat ba, ka ba shi `Saituna` na gwaji mai karatu daga `Map`. Sannan ranar da aka yanke shawarar ƙaura zuwa Tomcat 10, inda `javax.servlet` ya koma `jakarta.servlet`, fayil ɗaya za ka gyara a wannan ɓangaren maimakon ka bi azuzuwa ɗaya bayan ɗaya.

Tunda fayil za ka karanta, kada ka yi amfani da `getRealPath`. Yana mayar da `null` idan kwantena tana gudanar da manhajar daga cikin WAR, wato kunshin manhajar, da ba a kwance ba, sai kod ya yi aiki a kwamfutarka ya mutu a sabar. Yi amfani da `getResourceAsStream("/WEB-INF/saiti.xml")`. Dole hanyar ta fara da `/`, idan fayil ɗin babu `null` za ka samu ba kuskure ba, kuma kai ne za ka rufe shi a `finally`. Ga saiti kuma, `getInitParameter` guda biyu ne masu suna ɗaya: na sablet yana karanta `init-param` nasa, na `ServletContext` ne ke karanta `context-param`. Wanda ya kira na farko yana neman na biyu zai ga `null` ya yi ta zargin `web.xml`. Idan rubutu za ka yi, kada ka rubuta cikin foldar manhaja, ɗora sabuwar siga zai share shi. Kwantena na ba kowace manhaja foldar wucin gadi, `File` ne a ƙarƙashin `getAttribute("javax.servlet.context.tempdir")`.

Akwai lokacin da wurin ƙirar ba a hannunka yake ba. Wani JAR (kunshin azuzuwa) ne na waje da babu kod ɗinsa yake ƙera abin, ko laburaren log, ko mai tsara ayyukan lokaci-lokaci. A nan ne kaɗai nake yarda da ma'ajiyi na `static`, wanda mai sauraro (listener, ajin da kwantena ke kira wajen tashin manhaja da rufewarta) zai cika. `ServletContextListener` yana nan tun Servlet 2.3, saboda haka kowace Tomcat daga ta 4 zuwa sama ta san shi.

```java
public class MaAjiyi implements ServletContextListener {
    private static volatile ServletContext mahalli;

    public void contextInitialized(ServletContextEvent e) {
        mahalli = e.getServletContext();
    }
    public void contextDestroyed(ServletContextEvent e) {
        mahalli = null;
    }
    public static ServletContext dauko() {
        ServletContext m = mahalli;
        if (m == null) {
            throw new IllegalStateException(
                "Manhaja ba ta tashi ba, ko ta rufe");
        }
        return m;
    }
}
```

Ka rubuta shi a `web.xml` cikin `<listener>`, kuma ya zama na farko a jerin, domin kwantena na kiran masu sauraro bisa yadda aka jera su, ta gama da su kafin ta taɓa filta (ajin da buƙata ke ratsawa kafin ta isa sablet) ko sablet, a wajen rufewa kuma ta bi jerin daga ƙarshe zuwa farko. Wasu kan cika irin wannan ma'ajiyi daga `init()` na wani sablet. Idan ba a sa masa `load-on-startup` ba, ba zai tashi ba sai buƙatar farko ta iso gare shi, aikin bayan fage kuwa ba ya jiran wannan. Kalmar `volatile` tana tabbatar da cewa zaren da ke karatu ya ga abin da zaren farawa ya rubuta.

Kada ka taɓa kiran `MaAjiyi.dauko()` daga ɓangaren `static` na wani aji. Idan ajin ya lodu kafin mai sauraro ya gudana, za ka ga `ExceptionInInitializerError` sau ɗaya tak, daga nan duk wanda ya taɓa ajin sai ya samu `NoClassDefFoundError` mai cewa ba a iya fara ajin ba, har sai an sake ta da manhajar. Mutane kan ɓata yini suna neman JAR da ya ɓace, alhali ainihin kuskuren yana can sama a log, shi ne na farko.

Babban abin lura a nan shi ne inda ajin `MaAjiyi` ke zaune. Gurbin `static` ɗaya ne ga kowane aji a ƙarƙashin kowane mai lodi, ba ɗaya ga kowace manhaja ba. Idan yana `WEB-INF/classes` ko `WEB-INF/lib`, kowace manhaja tana da nata kwafi. Idan yana `lib` na Tomcat, ko `shared/lib` da `common/lib` a Tomcat 5, duk manhajojin sabar gurbi ɗaya suke rubutawa. Wadda ta tashi a ƙarshe ta danne ta kowa, sai manhaja ta farko ta riƙa karanta saitin ta biyu, har da adireshin rumbun bayanai, ba tare da wani kuskure ya fito ba. Idan kuma aka rufe ɗaya, ta mayar da gurbin `null` ga saura. In dole ne JAR ɗin ya zauna a sama, to a maye gurbin da `ConcurrentHashMap` wanda mabuɗinsa mai lodin manhaja ne, a saka a `contextInitialized`, a cire a `contextDestroyed`. Kada ka dogara da `WeakHashMap` ya yi maka cirewar. Mahallin yana riƙe da mai lodinsa, don haka abin da ka ajiye yana riƙe da mabuɗinsa, mai kwashe shara (garbage collector) ba zai taɓa ɗauke shi ba.

Akwai hanya ta uku, `ThreadLocal` (ma'ajiyin da kowane zare ke da nasa) da filta, amma ita ta fi dacewa da abin da ke canzawa daga buƙata zuwa buƙata, kamar wanda ya shiga ko harshen da ya zaɓa. Ga `ServletContext` kaɗai ɗaukar kaya ne ba dalili. Zan faɗa maka raminta ne saboda za ka ci karo da ita a tsohon kod. Filta na saka abin kafin `chain.doFilter`, ya cire shi da `remove()` a cikin `finally`. In babu `finally`, zaren zai koma cikin tarin zaruruwa ɗauke da bayanan mutumin da ya wuce, buƙata ta gaba ta gaje su. Ko an yi shi daidai, akwai wuraren da filta ba ya kaiwa: zaren `Timer` ko `ExecutorService` da kai ka ta da, mai sauraron ƙarewar zama wanda Tomcat ke kira daga zarenta na bayan fage, da shafin kuskure, wanda ake kira bayan filta ya gama sai idan ka ƙara `<dispatcher>ERROR</dispatcher>` a `filter-mapping`. Idan ka ƙara `FORWARD` kuma, filta zai gudana sau biyu a zare ɗaya, na ciki ya share abin da na waje ke buƙata, sai dai ka ajiye tsohon ka mayar da shi. Aikin bayan fage kuwa, a miƙa masa abin da yake so a magininsa lokacin da ake tura shi, a kuma kira `shutdown` a `contextDestroyed`.

Dalilin da ya sa nake matsa maka a kan cirewa da rufewa shi ne yoyon memori. Duk abin da ya fi manhaja tsawon rai, ko zaren kwantena ne, ko gurbin `static` na JAR ɗin sama, ko zaren da ba a tsayar ba, idan ya riƙe mahalli ko wani abu na manhajar, to ya riƙe mai lodinta da duk azuzuwan da ya loda. Kowace sabuwar ɗorawa sai ta bar tsohon kwafi a memori. A Java 7 zuwa ƙasa ƙarshenta `OutOfMemoryError: PermGen space`. A Java 8 zuwa sama wurin ya koma Metaspace, wanda ba shi da iyaka sai an sa masa, don haka yoyon kan daɗe kafin a gane shi. Daga siga 6.0.24 Tomcat ta fara rubuta gargaɗi a log lokacin rufe manhaja idan ta tarar da `ThreadLocal` da ba a cire ba ko zaren da ba a tsayar ba. Ka riƙa karanta shi.

Wasu kurakurai biyu na lodi za su iya tare ka a hanya. Idan ka ga `ClassCastException` yana cewa ba a iya mayar da `Aiki` zuwa `Aiki` ba, suna ɗaya a ɓangarorin biyu, to masu lodi biyu ne kowanne ya loda nasa kwafin. `instanceof` ma zai ba ka `false` a ɓoye, sai `karbiMahalli` ya ƙi gudana ba tare da ƙara ba. Buga `getClassLoader()` na ajin da na intafes ɗin ka kwatanta, sannan ka bar intafes ɗin a wuri ɗaya tak. Na biyun, kada `servlet-api.jar` ya shiga `WEB-INF/lib`. Tomcat 6 tana ƙin loda shi ta rubuta `jar not loaded` a log, wata kwantenar kuma tana iya loda shi ka shiga rikicin kwafi biyu. A Maven ka sa masa `provided`.

Ka kuma duba ko ana saka waɗannan abubuwa cikin `HttpSession`. Ba a iya rubuta `ServletContext` zuwa fayil, don haka lokacin da Tomcat ke adana zamanni a `SESSIONS.ser` wajen rufewa, ko tana kwafa su zuwa wata sabar, za ka ga `NotSerializableException`. Sa wa gurbin `transient`. Bayan an dawo da abin gurbin zai zama `null`, sai ajin ya ɗauki `HttpSessionActivationListener` ya sake cika shi a `sessionDidActivate` daga `getSession().getServletContext()` na abin da aka miƙo masa.

Kafin ka rubuta ko layi ɗaya, buɗe `web.xml` ka ga ko akwai `ContextLoaderListener`. Idan akwai, manhajar tana da Spring, kuma an riga an yi maka rabin aikin. A cikin sablet ka ɗauko `WebApplicationContextUtils.getRequiredWebApplicationContext(getServletContext())`, daga shi ka ɗauko `getAutowireCapableBeanFactory()`, ka bar `createBean(aji)` ya yi ƙirar, ajin kuma ya ɗauki `ServletContextAware` na Spring. Idan kai ka riga ka ƙera abin, `autowireBean` kaɗai ba zai kira `setServletContext` ba, sai ka bi shi da `initializeBean`.

A naka yanayin, sablet ɗin a hannunka yake, don haka hanyar farko za ka bi, da `Saituna` idan lokaci ya ba ka dama. In ka gama, gwada shi haka a sabar gwaji. Ɗora WAR ɗin sau biyu da sunaye daban, kowanne da nasa `context-param`, ka tabbatar kowanne nasa yake karantawa, sannan ka tsayar da ɗaya ka ga ɗayan bai girgiza ba. Sa `unpackWARs="false"` a `server.xml` ka sake gwada karatun fayil. Shiga shafin, sake ta da Tomcat, ka duba log ko akwai `NotSerializableException`. Daga ƙarshe ka sauke manhajar ka sake ɗora ta kamar sau goma a jere, sannan ka danna maɓallin `Find leaks` a shafin Manager na Tomcat, wanda ke cikin sigogin ƙarshe na Tomcat 6 da kuma Tomcat 7. Idan sunan manhajarka ya fito, akwai abin da ke riƙe da tsohon mai lodi. Kada ka danna shi a sabar da mutane ke aiki a kai, domin yana tilasta cikakkiyar kwashe shara, wadda kan tsayar da komai na ɗan lokaci. Idan ya fito, turo mini layukan log na lokacin rufewa tare da `web.xml` mu duba tare.